DUNIYA MAKARANTA: Mahalban Amurka da alamun da kishimi ke bari cikin daji

Filin Duniya Makaranta na wannan wata ya ƙetare teku zuwa ƙasar Amurka, wajen mahalba. Masu karatu da yawa sun tashi a garuruwan da ke da sarkin baka, sun kuma san mahalbin kirki ba ya shiga daji da ka. Sai ya duƙa ya dubi ƙasa, ya dubi ciyawa, ya ji inda iska ke kaɗawa, kana ya san inda zai nufa. Mahalban Amurka ma haka su ke. Akwai daga cikinsu waɗanda ke kwashe wata biyu ko uku suna yawo cikin daji ba bindiga ba baka, suna duban jikin itatuwa da ƙasa kawai. Abin da su ke nema shi ne alamar dabba guda: tsohon namijin barewa, ƙasaitacce, irin wanda Hausawa ke ce wa kishimi. Yadda su ke gane shi tun ba su gan shi ba, da abin da wannan ilimi ya amfana wa dajinsu, shi ne zancen yau.

WACE IRIN BAREWA CE?

Dabbar da a ke magana ana kiranta barewa mai farar wutsiya. An ce mata barewa don kamannin jiki, amma danginta daban ne da na barewar Sahel, babu kuma irinta a dazuzzukan Nijar. Tana zaune tun daga kudancin Kanada, ta ratsa Amurka da Meziko, har cikin Amurka ta Kudu. Bayan wutsiyarta ja-ja ne, cikinta fari fat. In ta tsorata sai ta ɗaga wutsiyar tana gudu, ƴan'uwanta su hangi farin su san akwai haɗari. Babban namiji a jahohin arewa ya kan kai kilo 90 zuwa 130, wato ya fi ƙaton ragon layya nauyi.

Babban bambancin yana ga ƙaho. Barewar Sahel ƙahonta na har abada ne, ba ya yin reshe, ba ya faɗuwa. Ta Amurka kuwa namiji ne ke da ƙaho, ƙahon kuma ƙashi ne zalla mai rassa kamar icce, kowace shekara ya kan faɗi wani ya tsiro. Yana fara tsirowa wajen watan Afrilu, lulluɓe da wata fata mai taushi kamar karammiski, cike da jijiyoyin jini masu ciyar da shi. Zuwa ƙarshen Agusta ko farkon Satumba, sa'ad da yini ya fara gajarta, ƙashin ya ƙosa, jini ya yanke, fatar ta bushe ta saɓule cikin kwana ɗaya ko biyu. Da wannan ƙaho zai yi faɗa lokacin barbara, wanda a jahohin arewa ke kamawa cikin Nuwamba. Tsakanin Janairu da Maris sai ƙahon ya faɗi ƙasa. Macen kuwa cikinta wajen kwana 200 ne, ta haihu ƙarshen Mayu ko cikin Yuni, sau da yawa tagwaye.

Namiji ya kan yi ƙahonsa na farko yana ɗan shekara ɗaya da rabi, amma jikinsa ba ya gama cika sai ya kai shekara huɗu da rabi ko biyar da rabi. Wanda ya kai nan ya tsallake farauta sau uku ko huɗu da ransa. Ya san warin mutum, ya san ƙarar ƙofar mota, ya maida yawonsa na dare, da rana kuwa ya lafe cikin sarƙaƙiya. Manomi na iya shekara yana aikin gonar da kishimi ke ci, bai taɓa sa shi a ido ba. Don haka ne mahalba sunka koma neman alamunsa.

ALAMA TA FARKO: GURZA

Daga ranar da fatar ƙaho ta saɓule, namiji ya kan kafa kai ga ƙaramin icce, ya dinga gurza gindin ƙaho da goshi sama da ƙasa, har ɓawo ya yage, farin cikin iccen ya bayyana. Wannan ita ce gurza. Da can an ɗauka ƙaiƙayi ne, ko kuwa neman fid da sauran fatar ƙaho. Daga baya masu bincike, musamman na jami'ar jahar Jojiya, sunka nuna cewa a ƙarƙashin fatar goshinsa akwai ƙananan maɓuɓɓugai masu fid da maiƙo mai wari. Makiyayi ba zai yi mamakin wannan ba, don ya san yadda bunsuru ke goga gindin ƙahonsa ga turke ya bar warinsa. Farin iccen ana hango shi daga nesa, warin kuma yana shaida wa sauran maza da mata ko wane ne ya wuce. Ban da haka, kokawa da icce tana ƙarfafa masa wuya kafin ranar faɗa.

Abu huɗu mahalbi ke dubawa ga gurza.

Na ɗaya, kaurin iccen. Ƙaramin namiji ya kan gurji icce mai kaurin yatsa ko sandar makiyayi. Babba ma ya kan gurji irin waɗannan, saboda haka ƙaramar gurza ba ta raba gardama. Amma icce mai kaurin taɓarya, balle na cinyar mutum, da wuya ƙarami ya fara taɓa shi.

Na biyu, tsawon raunin. Gurzar ƙarami ta kan tsaya wajen gwiwar mutum. Wadda ta haura har ƙugu ko ta wuce, ta dogon dabba ce mai dogon ƙaho.

Na uku, zurfinsa. Gindin ƙahon tsoho yana da ƙuraje masu kaushi, su kan bar zane mai zurfi kamar an ja haƙoran zarto bisa iccen. In kuma iccen da ke baya, ko reshen da ke gefe, shi ma ya ji rauni, to rassan ƙahon dogaye ne, ko kuwa ƙahon mai faɗi ne.

Na huɗu, lokacin da anka yi ta. Gurzar farkon Satumba mafi yawa ta manya ce, don su ke riga farawa. John Ozoga, wanda ya yi shekaru yana nazarin barewa a jahar Mishigan, ya lura cewa ƴan shekara ɗaya da rabi su kan makara, kuma yawan gurzarsu wajen rabin ta manya ne. Sabuwar gurza ɗanya ce, fara, ɓawon da ya zuba ƙasa bai gama bushewa ba. Ta bara ta yi toka-toka, bakin raunin ya fara warkewa. Icce mai sabon rauni bisa tsohon tabo kuwa babban labari ne: wurin mahaɗa ce da maza ke komowa shekara da shekaru. Irin wannan ya fi samuwa ga itatuwa masu ƙamshi da ƙaro.

JERIN GURZA

Gurza ɗaya ba ta faɗin kome sai cewa namiji ya taɓa wucewa nan. Abin da ya fi amfani shi ne jeri. Kafin barbara ta kankama, rayuwar kishimi tsakanin wuri biyu ta ke: makwancinsa cikin duhuwa, da wurin cin abinci, ko gonar masara, ko ta waken soya, ko gindin manyan itatuwan ok masu zubar da ƴaƴa cikin Oktoba. Yana tafiya yana gurzar icce nan da can, har a sami goma ko ashirin a jere, sun zana hanyarsa.

Ga inda basira ta ke. Dabba na gurzar gefen iccen da ta tarar a gabanta, saboda haka raunin yana fuskantar inda ta fito. In raunukan duka suna duban gona, daga gona ya fito zai koma kwanciya, wato hanyar asuba ce. In suna duban sarƙaƙiya, daga makwanci ya taso zai tafi kiwo, hanyar marece ke nan. In icce ya ji rauni gaba da baya, yana bin turbar zuwa da komowa. Mahalbin da ya kasa bambance wannan sai ya yi kwanto da marece bisa hanyar asuba, ya yini banza.

Akwai kuma wurin da a kan tarad da gurza da yawa a cunkushe, ƴan taki kaɗan cikin daji daga bakin gona. Nan ne kishimi ke tsayawa yana jiran duhu ya rufa kafin ya fita fili. Gurzar bakin gona kanta aikin dare ce, ba ta da amfani ga mai halbi, tun da doka ta hana halbin barewa da dare. Wannan matsaya ta ciki ita ce inda a ke sa ran ganinsa da sauran haske.

Wani abu kuma: tsohon namiji bai cika bin babbar turbar da mata da ƴaƴa sunka daddage ba. Ya kan yi tasa siririya a gefe, cikin kurmi, ta inda iska za ta kawo masa warin babbar turbar ba tare da ya fito ba. Baƙon daji ya kan ga babbar turba ya yi murna. Gwani kuwa siririyar ya ke nema.

ALAMA TA BIYU: TONO

Cikin Oktoba sai wata alama ta yawaita. Namiji ya kan sa ƙafar gaba ya share busassun ganye har ƙasa ta fito, fili mai faɗin faifai ko ƙaramar tabarma. Wannan shi ne tono. Kusan kullum akwai reshe a samansa, daidai kafaɗar mutum. Ya kan tauna bakin reshen, ya lashe shi, ya goga goshi da gefen ido, inda nan ma akwai maɓuɓɓugar wari. Sa'an nan ya haɗa ƙafafun baya, ya yi fitsari bisa wasu tuntayen gashi da ke cikin gwiwoyinsa, fitsarin ya kwashi warinsu ya zuba cikin tonon. Ga tsoho, wannan gashi ya kan yi baƙi ƙirin, warinsa har mutum na ji.

Reshen ya fi tonon muhimmanci. In anka sare shi, yawanci dabbobi su kan bar wurin. Tono kuma ba na namiji ɗaya ba ne. Maza da yawa su kan ziyarci guda, mata ma su kan tsaya su shinshina. Kamar bakin rijiya ne a ƙauye, inda kowa ke jin labarin wanda ya zo da wanda ya tafi.

A nan ma akwai tarko ga mai gaggawa. Na'urorin ɗaukar hoto da a ke ɗaurawa ga itatuwa, masu ɗauka da kansu in dabba ta gifta, sun nuna cewa mafi yawan ziyarar tono da dare a ke yin ta. Tonon bakin gona yana da ban sha'awa, amma wanda ke kusa da makwanci, cikin duhuwa, shi ne mai amfani. In barbara ta kankama kuwa, sai a ga ganye ya rufe tono, ba mai sharewa. Maza sun bar aika saƙo, sun shiga bin mata ido rufe. A makon nan lissafin hanyar asuba da ta marece ya rushe, sai mahalbi ya koma inda mata ke kwana, ko wata ƴar matsattsiyar hanya tsakanin daji biyu.

SAWU, KASHI DA MAKWANCI

Sawun barewa kofato ne rababbe kamar na akuya. Na babban namiji ya kan kai santimita 8 a tsawo, faɗinsa yatsu uku zuwa huɗu. Bakin kofaton tsoho ya dakushe, na ƙarami yana da tsini. Saboda faɗin ƙirji, sawun dama da na hagu su kan yi nisa da juna, saboda nauyi kuma su kan nutse, har ƙananan kofatai biyu na baya su fito in ƙasa na da taushi. Amma a laka, ko cikin gudu, ko mace ma ta kan bar irin wannan, don haka sawu ɗaya ba ya isa shaida. A jahohin Men da Bamont, inda dusar ƙanƙara ke rufe ƙasa, akwai mahalban da sana'arsu ke nan: su ɗauki sawu guda tun da safe, su bi shi da ƙafa har marece. Cikin ƙanƙara marar zurfi namiji ya kan ja ƙafa, ya bar zane tsakanin sawu da sawu, mace kuwa ta kan ɗaga tata tsaf.

Kashinta kamar na awaki ne. Ba ya nuna namiji ko mace, duk da abin da wasu ke faɗi. Abin da ya ke nunawa shi ne kwana nawa da wucewa, da irin abincin da anka ci: busasshen abinci ya kan fito ƙwaya-ƙwaya, ɗanye kuwa a dunƙule.

Makwanci wuri ne da ciyawa ko ganye sunka kwanta, da siffar ƙwai, wani lokaci da ƴan fararen gashin ciki. In an tarad da uku ko huɗu kusa da juna, babba da ƙanana, uwa ce da ƴaƴanta. In guda ne tak, ya wuce mita a tsawo, ga gurza kewaye da shi, to gidan kishimi ne. Zaɓen wurin ma abin lura ne. A ƙasa mai tuddai ya kan kwanta ƙasa kaɗan da ƙoƙuwar tudu, iska na zuwa masa ta baya, idonsa na kallon gangare. Abin da ke baya hanci ya ji shi, abin da ke gaba ido ya gan shi. A ƙasar fadama kuwa ya kan nemi ɗan tsibiri cikin ruwa da dogayen ciyayi, inda ba mai isowa sai da motsi.

Nan ne haƙuri ke shigowa. Wanda ya taka makwancin kishimi ya bar warinsa, ya iya korarsa na kwanaki, ko ya ƙara maida shi na dare. Shi ya sa gwanaye ke yin babban bincikensu bayan an rufe farauta, cikin Fabrairu da Maris, sa'ad da ƙanƙara ta narke, sabon ganye bai fito ba, gurza da tono na bara duk suna fili. A lokacin ne kuma a ke tsintar ƙahon da ya faɗi, wanda ke shaida cewa mai shi ya tsira, yana nan. Ba a fafe gora ranar tafiya.

ISKA

Duk wannan karatu banza ne in iska ta tona asirin mahalbi, don hancin barewa ya fi idonta da kunnenta. Ƙa'ida ita ce iska ta taso daga wajen dabba zuwa wajen mutum. A ƙasar tuddai akwai ƙari: da safe in rana ta ɗumama ƙasa, iska na hawa sama, da marece in sanyi ya sauko, sai ta gangara kwari. Don auna ta, wasu na busa farin gari, wasu na sakin audugar wani tsiro ɗan'uwan tumfafiya, su bi ta da ido su ga inda ta nufa.

Ga misali. Mahalbi ya sami gonar masara a gabas, sarƙaƙiya a yamma, jerin gurza bisa itatuwa masu kaurin taɓarya tsakaninsu, raunuka na duban yamma, ga kuma sawu mai yatsu huɗu. Ya san hanyar marece ce. Sai ya zaɓi icce kudu da turbar, taki ashirin, ya ɗaura ɗan dandamalin zama mita biyar ko shida a sama. Daga nan ba zai koma ba sai ranar da iska ke tasowa daga arewa, ko da zai jira kwana goma. Ran nan ya shigo da azahar ta gefen kudu, ba tare da ya ƙetare turbar ba, ya hau, ya ɗaure jikinsa ga iccen, don faɗowa daga irin wannan dandamali na cikin manyan abubuwan da ke raunata mahalba a can. In lokacin bindiga ne, yawancin jahohi sun tilasta masa sa riga mai launin lemo mai haske don kada ɗan'uwansa ya halbe shi. Barewa ba ta rarrabe wannan launi sosai.

Mata za su wuce ta gabansa, ya bar su. Ƙananan maza za su wuce, ya bar su. Kishimi ba da ƙaho kaɗai a ke gane shi ba: wuyansa ya kumbura ya haɗe da ƙirji, cikinsa ya ɗan sauka, ƙafafunsa kamar sun gajarta saboda kaurin jiki. Sau da yawa lokacin farauta ya kan ƙare bai fito ba, mahalbi ya koma gida hannu wofi. In kuwa an dace, sai ya ɗaura wa dabbar shaidar takardar izininsa, ya sanar da hukuma. Shekarunta ana gane su ga haƙoran muƙamuƙi, bisa hanyar da wani masani na jahar Niyok mai suna Severinghaus ya bayyana a 1949, kamar dai yadda dillali ke buɗa bakin sa a kasuwa.

ME YA SA SAI TSOHO?

Amsar tana cikin tarihi. Cikin ƙarni na 19 an yi wa barewar nan kisan kasuwa, ana loda nama da fatu cikin jiragen ƙasa zuwa birane, ba a bar mace ba, ba a bar ɗa ba. Wajen shekarar 1900 abin da ya rage a duk Amurka bai wuce wajen 500.000 ba, wasu jahohi ma ta kusa ƙarewa ƙaf.

Sai anka farga. A 1900 anka kafa dokar Lacey, wadda ta hana ƙetare iyakar jaha da naman da anka kashe ba bisa doka ba. Jahohi sunka hana sayar da naman daji, sunka tsaida ranar buɗe farauta da ranar rufewa, sunka ƙayyade abin da mutum ɗaya zai kashe. Jahar Fensilbaniya ta hana halbin mata a 1907. A 1937 anka yi dokar Pittman da Robertson, wadda ta ware harajin bindigogi da harsasai don gyaran daji da kiwon namunsa. Harajin bindigar farauta da harsashi kashi 11 ne cikin 100. Da irin wannan kuɗi anka kamo barewa daga inda ta rage anka sake ta inda ta ɓace. Yau an ƙiyasta yawanta wajen miliyan 30, alhali mahalba na ɗaukar wajen miliyan 6 kowace shekara.

Amma gyaran ya zo da tasa matsala. Da ya ke maza kaɗai a ke halbi, sai anka dinga kashe su tun suna ƴan shekara ɗaya da rabi. Ƙarshen shekarun 1980, fiye da rabin mazan da a ke kashewa irin waɗannan ne. Mata sunka yi yawa har suna cinye gonaki da ƙananan itatuwa, suna karo da motoci bisa hanya, tsofaffin maza kuwa sunka yi wuyar gani. A 1988 anka kafa wata ƙungiyar mahalba a jahar Karolina ta Kudu mai kiran a bar ƙananan maza su girma, a rage mata bisa lissafi. A 2002 Fensilbaniya ta hana halbin namijin da rassan ƙahonsa ba su kai adadin da doka ta yanka ba. Yanzu ƴan shekara ɗaya da rabi ba su kai kashi ɗaya cikin uku na mazan da a ke kashewa ba. Mata kuwa ana ba da izinin halbinsu da ƙidaya, gwargwadon abin da dajin kowane yanki zai iya ɗauka.

A nan ne karatun alamu ya sami daraja. Wanda bai iya shi ba, abin da ya fara giftawa shi ya ke halbi. Wanda ya iya, ya san abin da ke cikin dajinsa, babba da ƙarami, yana kuma da ƙarfin zuciyar barin goma su wuce don yana jiran guda.

ABIN ƊAUKA A NAN GIDA

Barewar Nijar ba ta kaɗe ƙaho, saboda haka ba a samun irin waccan gurza ta watan Satumba. Amma namun dajin nan ma suna da nasu rubutu. Gada na da tsaga ƙarƙashin kowane ido, tana goga maiƙonta ga ƙananan rassa don shata wurinta. Namijin barewa ya kan tara kashinsa wuri ɗaya, yana komowa kansa. Tsofaffin mahalban Gobir da Adar da Damagaram sun san waɗannan tun kaka da kakanni.

Abin da ya ragu shi ne naman kansa. Fari, da faɗaɗar gonaki, da farautar mota da bindiga, wadda ba ta tambayar mace ko namiji, sun sa dazuzzuka da yawa sun yi tsit. Akwai dokar 1998 mai tsara farauta da kare namun daji, wadda ta sa neman izini, ta kuma hana taɓa wasu dabbobi sam. Akwai gandun Gadabeji a jahar Maradi tun 1955, da na Termit da Tin Tumma tun 2012. Ma'aikatan gandun daji ba su isa su kasance ko'ina ba, masu bin sawu kuwa suna kowane yanki. Idon da ke gane kwana nawa da wucewar barewa, shi ne kuma zai gane sawun tayar motar da ta biyo ta, ya iya ƙidaya abin da ya rage ya gaya wa hukuma.

Amurkawa sun kai bakin rasa barewarsu kafin su tsaya, sun kuma yi shekaru masu yawa kafin ta komo. Sarakunan baka da sarakunan dawa su ne masu wannan ilimi a ƙasar nan. Ya kamata su koya wa matasa shi tun tsofaffi na da rai, su haɗa musu da sanin abin da a ke bari ya wuce: mace mai ciki, da mai shayarwa, da ƙaramin da bai kai ba. Allah ya raya daji, ya ba da damina mai albarka. Sai wata mai zuwa.